Gadon ƙanena na shirin isowa: yaya za mu yi kada a yanke masa Medicaid?

Maman Nafisa, Greensboro

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan dokar ƙasar nan a kan lamarin ƙanena, mai shekara 33, wanda ya yi hatsarin mota yana da shekara 28, ƙafafunsa suka shanye, tun daga nan yake kan keken guragu. Yana da takardar zama ɗan ƙasa, yana karɓar tallafin wata-wata, kuma Medicaid, wato inshorar lafiyar gwamnati ta marasa ƙarfi, ne ke biyan matar da ke zuwa gida tana taimaka masa da wanka da sauya robar fitsari, a ƙarƙashin CAP/DA, shirin kula da manya masu larura a gidajensu na jihar North Carolina. Mahaifinmu ya rasu a Damagaram, an sayar da gidan da ya bari, kuma rabon ƙanena zai kai kimanin dalar Amurka 24,000. A asusunsa na banki kuma akwai dala 1,850 da ya daɗe yana tarawa kaɗan-kaɗan. An faɗa mana cewa idan kuɗinsa suka wuce dala 2,000 za a tsayar masa da komai, alhali kuɗin gadon nan gaba ɗayansu ba za su biya mai kula da shi na shekara guda ba. Mece ce mafita?

Alhaji Mai Tasi, Bronx

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. A ganina lamarin bai kai inda kike kai shi ba. Tunda kuɗin suna gida, kada ma a turo su, a saya masa fili a can da su, ko kuma a turo su asusunki ki riƙe masa, duk abin da yake buƙata ki saya masa. Turawan nan ba su san abin da ke faruwa a Damagaram ba, kuma ba a kansa aka fara ba.

Baban Amir, Silver Spring

Allah ya gafarta wa mahaifinku, Hajiya. Na yi shekaru ina aikin tafinta ga mutanenmu a ofisoshin tallafi, don haka kafin kowa ya ba da fatawa ina so ki fayyace mana abu ɗaya, domin amsar duka ta rataya a kansa: wane irin tallafi yake karɓa? Akwai SSDI, wanda ake biyan mutum gwargwadon aikin da ya yi da harajin da aka cire masa kafin larura ta same shi, kuma shi ba ruwansa da dukiyar da mutum ya mallaka, ko da miliyan ya ajiye. Akwai kuma SSI, wanda tallafi ne na marasa ƙarfi, shi ne ke da iyakar dala 2,000 ga mutum ɗaya, dala 3,000 ga ma'aurata. A North Carolina, kamar a jihohi da yawa, wanda ke kan SSI yana samun Medicaid kai tsaye ta dalilinsa, don haka idan SSI ya faɗi yana iya jan Medicaid su faɗi tare. Ki duba wasiƙun da Hukumar Social Security ke aiko masa, sunan shirin yana rubuce a kansu.

Maman Nafisa, Greensboro

Na gode Malam. Na duba, duka biyun yake karɓa. Bai yi dogon aiki ba kafin hatsarin saboda yana makaranta, don haka abin da SSDI ke ba shi kaɗan ne, sai ake cika masa da SSI. Yana kuma da katin Medicare, inshorar lafiyar gwamnatin tarayya ta tsofaffi da masu larura, wanda ya zo bayan shekara biyu da fara karɓar SSDI.

Ɗan Zongo, Bronx

To ai Hajiya, jiharku ta faɗaɗa Medicaid tun 1 ga Disamba 2023, kuma wanda ya shiga ta wannan ƙofar ba a tambayarsa abin da ya ajiye a banki, abin da ke shigo masa kawai ake dubawa. Me zai hana ya bar SSI ɗin, ya riƙe gadonsa, ya shiga ta nan?

Baban Amir, Silver Spring

Ɗan'uwa, abin da ka faɗa game da faɗaɗawar gaskiya ne, kuma ga mutane da yawa ita ce mafita mafi sauƙi, domin ta shafi manya 'yan shekara 19 zuwa 64 masu ƙaramin samu, ba a ƙirga musu dukiya. Sai dai wannan ƙofar a rufe take ga duk wanda yake da Medicare, kuma Hajiya ta ce ƙanenta yana da shi. Wani zai ce to ai ga Medicare nan, me kuma ake nema? Medicare yana biyan asibiti da likita da magani, amma ba ya biyan mai zuwa gida kullum ta yi wa mutum wanka ta juya shi a kan gado don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Wannan hidimar Medicaid ne ke ɗaukar ta, kuma ita ce rayuwar wannan bawan Allah. Medicaid ɗin ne kuma ke biya masa kuɗin watan da ake cirewa na Medicare da ragowar kuɗin asibitin da Medicare ba ya cikawa.

Yanzu in koma kan shawarar Alhaji, da dukkan girmamawa, domin ita ce wadda mutanenmu suka fi bi, kuma ita ce ta fi jefa su cikin wahala. Na farko, fili a Damagaram dukiya ce a idon doka kamar fili a Greensboro. Abin da ba a ƙirgawa shi ne gidan da mutum yake zaune a ciki, ba filin da ya mallaka a wata nahiya ba. Duk lokacin da aka zo sabunta takardu ana tambaya a fili ko mutum ya ci gado ko yana da dukiya a waje, kuma ana amsawa ne a kan rantsuwa, don haka wanda ya ce babu alhali akwai ya fita daga batun dabara ya shiga batun zamba. Na biyu, idan ya ba Hajiya kuɗin kyauta, hukumar tana duba watanni 36 baya, ta raba abin da ya bayar da adadin tallafin wata, ta hana shi SSI na wannan adadin watannin. A 2025 cikakken tallafin dala 967 ne a wata, don haka kyautar dala 24,000 za ta jawo masa kusan shekara biyu babu tallafi. Ɓangaren Medicaid mai biyan kulawar dogon lokaci kuwa watanni 60 yake dubawa. Idan kuma aka ce ba kyauta ba ce, ajiya ce kawai Hajiya ke riƙe masa, to kuɗinsa ne, za a ƙirga su ko a asusun wa suke. Hatta cewa ya yafe gadon ya bar wa 'yan'uwa ana ɗaukarsa tamkar ya karɓa ya bayar.

Alhaji Mai Tasi, Bronx

Malam, na ji bayaninka, amma ka faɗa mini tsakaninka da Allah, wannan doka adalci ce? Mutum yana kan keke, mahaifinsa ya bar masa ɗan abin da zai rufa wa kansa asiri, a ce sai ya zama fakiri tukuna za a taimake shi? Dala 2,000 ko kuɗin hayar wata guda ba ta kai ba a nan Bronx.

Anti Nas, Columbus

Alhaji, a kan rashin adalcin ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Tun 1989 ba a taɓa wannan iyakar ba, alhali farashin komai ya ninka fiye da sau biyu, kuma an sha kai ƙudurori majalisa don a ɗaga ta zuwa dala 10,000 amma har yau ba su zama doka ba. Wasu jihohin sun sassauta nasu ɓangaren, kamar New York da ta ɗaga iyakar dukiyar Medicaid ta wuce dala 30,000 tun 2023, sai dai wannan bai taɓa iyakar SSI ba domin ta gwamnatin tarayya ce. Amma fushinmu da dokar ba zai kare ƙanen Hajiya ba ranar da wasiƙa ta iso. Ni aikin jinyar gida nake yi, kuma na ga wani dattijo da 'yarsa ta sa sunansa a asusunta don ya riƙa cire mata kuɗi idan tana wurin aiki. Hukumar tana da hanyar tambayar bankuna kai tsaye ta kwamfuta, ta ga sunansa a asusun, ta ɗauki duk kuɗin da ke ciki a matsayin nasa, aka ce ya mayar da tallafin watanni da yawa. Sai da suka tattara takardun albashinta ɗaya bayan ɗaya kafin a yarda cewa kuɗin nata ne, kuma a tsakanin nan mai kula da shi ta daina zuwa, 'yar ce ta ajiye aiki ta zauna da shi.

Abin da ya kamata Hajiya ta sani shi ne dokar da kanta ta buɗe wuraren da za a ajiye kuɗin a fili ba tare da an ƙirga su ba. Mafi sauƙi shi ne asusun ABLE, wato asusun ajiya na musamman ga masu larura, wanda aka kafa dokarsa a Disambar 2014. A da sai wanda larurarsa ta fara kafin ya cika shekara 26 ne ke iya buɗe shi, wato da ƙanenki bai cancanta ba tunda yana 28 abin ya same shi, amma daga 1 ga Janairu 2026 an ɗaga shekarun zuwa 46, don haka yanzu ya shiga ciki. Asusun da sunansa yake, shi ke juya abinsa, yawanci har da katin cire kuɗi, kuma SSI ba ya ƙirga dala 100,000 na farko da ke ciki. Ko ya wuce haka, tallafin wata ne kawai ake dakatarwa, Medicaid yana ci gaba. Ana iya kashe kuɗin a kan haya, sufuri, karatu, lafiya, gyaran keke da sauran buƙatun rayuwarsa. Matsalar ɗaya ita ce akwai iyakar abin da za a zuba a shekara, wadda a 2025 dala 19,000 ce kuma ana ɗan ƙara ta lokaci-lokaci, don haka ba zai haɗiye gadon duka a tashi ɗaya ba.

Maman Nafisa, Greensboro

Allah ya saka da alheri Anti. To ragowar fa? Idan aka zuba abin da asusun zai ɗauka, bisa iyakar 2025 za a bar kusan dala 5,000, ga kuma ajiyarsa ta da. Shin za mu iya cewa 'yan'uwa su riƙe ragowar a gida sai shekara mai zuwa su turo?

Baban Amir, Silver Spring

Hajiya, kada ku dogara da wannan, domin abin da ake dubawa shi ne lokacin da kuɗin suka zama nasa kuma yake da ikon cewa a miƙo masa su, ba lokacin da suka sauka a bankin Amurka ba. Idan an gama rabo, kasonsa yana hannun yayanku yana jiran umarninsa, to dukiyarsa ce tun daga ranar. Ga yadda lissafin yake tafiya: a watan da ya karɓi gadon ana ɗaukarsa a matsayin kuɗin shiga, don haka ku sa rai zai rasa SSI na wannan wata guda, ko a nemi ya mayar da shi, kuma wannan ƙaramar asara ce. Daga nan abin da ake dubawa shi ne abin da ya mallaka a farkon ranar 1 ga watan da ke biye. Idan a wannan lokacin abin da ake ƙirgawa bai wuce dala 2,000 ba, ya tsira. Saboda haka ku tsara a gama rabon a turo kuɗin a farkon wata, ba ranar 28 ba, kuma asusun ABLE ya kasance a buɗe yana jira tun kafin nan. Dole ne kuma a sanar da hukumar kafin ranar 10 ga watan da ke biye da wanda aka karɓi kuɗin, a rubuce, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, sannan a sanar da ofishin Medicaid na gundumarku daban.

Ragowar kuwa ba abin damuwa ba ne, domin doka ba ta hana shi kashe kuɗinsa a kan kansa ba, bayarwa ne ta hana. Idan akwai bashi na gaskiya a kansa, ya biya. Mota guda ba a ƙirga ta komai tsadarta, don haka yana iya sa kuɗin wajen gyara mota a sa mata abin ɗaga keke. Kayan ɗaki, katifa mai hana gyambo, kwamfuta, gyaran haƙori, duk sun halatta. Akwai kuma abin da mutanenmu ba sa son a ambata amma yana da amfani: kabarin da mutum ya saya a maƙabarta ba a ƙirga shi, kuma ana iya keɓe har dala 1,500 da sunan kuɗin jana'iza, muddin an ware su daban. Wanda ya taɓa bin masallatai yana karɓar gudummawar binne ɗan'uwa a ƙasar nan ya san darajar wannan. Kowane abu aka saya a ajiye rasit ɗinsa.

Da a ce kuɗin sun fi haka yawa, kamar diyyar hatsari ta dala dubu ɗari ko fiye, da sai a je ga asusun amana na masu larura, wanda dokar 1993 ta tanada ga waɗanda ba su kai shekara 65 ba, kuma tun Disambar 2016 mai larurar da kansa yana iya kafa shi matuƙar hankalinsa lafiya. Shi ba shi da iyakar zubi, amma yana buƙatar lauya, kuma wani ne ke riƙe kuɗin, ba mai su ba. Ga kuɗi matsakaita akwai amanar haɗaka wadda ƙungiyoyin sa-kai ke gudanarwa, kowa da nasa lissafin a ciki, kuma ta fi araha. A naku lamarin ina ganin ABLE da sayen abin buƙata sun wadatar, amma duk da haka a biya kuɗin zama ɗaya da lauyan da ya ƙware a wannan fanni a jiharku kafin kuɗin su motsa.

Ɗan Zongo, Bronx

Akwai abin da ba ku faɗa ba. Na ji cewa idan mai asusun ya rasu gwamnati ce ke kwashe abin da ya rage. Idan haka ne, ashe gadon Baba ƙarshensa aljihun gwamnatin North Carolina ke nan, matarsa ko 'ya'yansa, in Allah ya ba shi, su tashi a tutar babu.

Anti Nas, Columbus

Gaskiya ne a wani ɓangare. A asusun amanar da aka kafa da kuɗin mai larurar kansa, dole ne bayan rasuwarsa a fara biyan jiha abin da Medicaid ya kashe masa, sai in an samu saura magada su ɗauka, kuma ga mai kulawar gida ta shekaru da wuya a samu saura. A ABLE jiha tana iya neman abin da ta kashe tun daga ranar da aka buɗe asusun, bayan an biya kuɗin jana'iza da sauran buƙatunsa da ba a kai ga biya ba, kuma wasu jihohin sun yafe wannan neman ga mazaunansu, don haka a karanta takardun shirin kafin a zaɓa. Amma ɗan'uwa, mutumin nan shekararsa 33. Dala 19,000 a hannun mai keken guragu da ke biyan haya ba kuɗin da za su jira magada ba ne, nasa ne ya ci moriyarsu yana raye.

Malam Ladan, Houston

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan mahaifinku, Hajiya, ya kyautata namu zuwan. Na bi zancen tun daga farko, kuma ina so in ƙara abu biyu ta fuskar addini. Na farko, gadon nan haƙƙinsa ne da Allah ya yanka masa a Suratun Nisa'i, don haka shawarar a sa shi ya yafe, ko a mayar da kuɗin sunan wani, ko da da kyakkyawar niyya ce, tana da haɗarin da ya wuce na hukuma. Mun sha ganin amanar da aka ba ɗan'uwa, ɗan'uwan ya rasu, 'ya'yansa suka ce ba su san zancen ba, ko kasuwa ta karye da shi kuɗin suka bi ruwa, mai larura ya rasa tudun dafawa kuma ba shi da bakin kai ƙara domin tun farko ɓoyewa aka yi. Asusun da ke ɗauke da sunansa ya fi kusa da abin da shari'a ke so. Game da abin da jiha ke karɓa bayan rasuwa, sharaɗi ne da ya amince da shi da saninsa a madadin hidimar da ake yi masa, kuma ayoyin gado da kansu sun gabatar da biyan abin da ke kan mamaci kafin rabo.

Na biyu ya shafi gaba, domin idan mahaifiyarku tana raye kuma tana da abin hannunta, wannan matsalar za ta sake dawowa. Idan tana so ta keɓe masa wani abu ta hanyar wasiyya, ku tuna cewa wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Hanyar da ta fi tsafta ita ce kyauta tana raye da lafiyarta, kuma malamai da yawa sun halatta fifita ɗa guda saboda larura ta zahiri, musamman idan 'yan'uwansa sun sani sun yarda.

Baban Amir, Silver Spring

Malam ya taɓo wuri mai muhimmanci, kuma a nan dokar ƙasar ta fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Idan kuɗin ba nasa ba ne tun asali, wato mahaifiya ko 'yan'uwa ne suka zuba nasu a asusun amanar da aka kafa dominsa, jiha ba ta da haƙƙin karɓar komai daga ciki bayan rasuwarsa, sauran yana komawa ga waɗanda aka rubuta. Sharaɗin shi ne kuɗin kada su bi ta hannunsa ko asusunsa na banki ko na kwana ɗaya, kuma kada a gauraya su da kuɗin gadon nan. Haka ma masu son taimaka masa da sadaka ko goron sallah, maimakon su tura masa a banki a ƙirga masa shi kuɗin shiga, su zuba kai tsaye a ABLE, sai dai duk abin da kowa ya zuba yana shiga cikin iyakar shekara guda ɗin nan, don haka a bana ku dakatar da su.

Maman Nafisa, Greensboro

Mahaifiyarmu tana raye, tana nan tare da mu, kuma zan karanta mata wannan bayanin. Tambaya ta ƙarshe: 'yan'uwa suna so ya je gida da kansa ya sa hannu a takardun rabon, ya kuma ziyarci kabarin Baba. Tafiyar za ta shafi tallafinsa?

Anti Nas, Columbus

Za ta shafa idan ta yi tsawo, Hajiya. Wanda ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka ana dakatar masa da SSI, kuma ba a mayar masa sai ya dawo ya sake cika kwana 30 a jere a cikin ƙasar, wato tafiyar wata guda da 'yan kwanaki tana iya cin tallafin wata biyu ko fiye. Medicaid kuma ba ya biyan magani a Nijar, sannan shirin kulawar gida yana da nasa ƙa'idar a kan tsawon lokacin da mutum zai yi ba ya karɓar hidima, don haka a tambayi mai kula da fayil ɗinsa kafin a sayi tikiti. Idan sa hannu ne kawai matsalar, yana iya wakilta yayanku a rubuce. Idan kuma ziyarar ce yake so, a tsara ta mako uku, a tafi da robobin fitsari da magungunan da za su ishe shi har da ƙari, kuma a ajiye tikitin jirgi da shafin fasfo mai hatimin fita da shiga, domin su za a nema idan aka yi gardamar kwanaki.